Mastas Ɗin da Aka Sayar da Fili Aka Biya

Ni 'yar Kano ce, kuma ni ce 'yar fari a cikin mu shida. Baba ma'aikacin gwamnati ne har ya yi ritaya, Umma kuma tana sayar da atamfa da mayafai a cikin gida. Sunan mahaifiyar Baba na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Tun ina firamare aka gama yanke cewa likita zan zama, ni ma na taso ban san wani burin ba. Da na rubuta JAMB makina bai kai na likitanci ba, sai Jami'ar Bayero ta ba ni nazarin ƙananan halittu, wanda ɗalibai ke kira Maikuro. Na sha kuka. Baba ya ce, "Ki karɓa Uwata, ai duk asibiti ne."

Daga baya na so karatun ƙwarai. Amma da na gama a 2017 sai na gane ba duk asibiti ba ne. Ɗakin gwajin asibiti na waɗanda suka karanta ilimin gwaje-gwajen asibiti ne, masu lasisin hukumarsu, mu kuma namu digirin ba ya bayar da wannan lasisin. Bayan bautar ƙasa na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, ina koyar da Kemistiri da Bayoloji a kan albashin da kafin tsakiyar wata ya ƙare. Haka na yi shekaru, ƙawayena na ta aure, 'yan uwa na ta yi wa Umma hannunka mai sanda.

A watan Yulin 2021 Birtaniya ta buɗe wata biza da ke bai wa wanda ya gama digiri a can damar zama shekara 2 yana neman aiki. Daga nan kowa ya rikice. Duk wanda ka sani yana da wani da ya tafi. Wata ƙawata ta kai ni wajen wani ejan, mutum mai fara'a da iya magana. Na ce masa bincike nake so a fannina. Ya ce wannan da tsada, kuma sai Satumba. Ga mastas a kan lafiyar al'umma a wata jami'a da ke arewacin Ingila, ya fi sauƙi, suna ɗauka a Janairu, kuma "da shi ko'ina za ki yi aiki". Sai da na je can na san cewa jami'o'i na biyan irin waɗannan ejan kamasho a kan kowane ɗalibin da suka kawo. A gidanmu kuwa babu wanda ya taɓa fita karatu waje, ba mu ma san tambayar da ya kamata a yi ba.

Baba yana da fili guda ɗaya a bayan gari, wanda ya saya tun muna ƙanana da niyyar ya gina ya huta da haya. Shi ya sayar. Umma ta haɗa da sarƙarta da 'yan kunnenta na gwal. Aka biya rabin kuɗin makaranta, aka ajiye kuɗin zaman wata 9 a banki har kwana 28 kamar yadda doka ta ce, fam 1,023 kowane wata, aka biya kuɗin biza da na lafiya da gwajin tarin fuka. Sauran kuɗin makarantar aka ce za a riƙa biya kashi-kashi. Mun yi lissafi a kan farashin fam na lokacin, lissafin kuma ya fita.

Na sauka a Janairun 2023. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, sanyi kuma har cikin ƙashi. Ajinmu kusan duk 'yan Najeriya ne da 'yan Indiya da 'yan Ghana, Turawan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗalibi na da damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma aikin da ke samuwa nan take shi ne kula da tsofaffi. Na shiga. Ina yi musu wanka, ina canza musu ƙunzugu, ina ba su abinci a baki. Ban raina aikin ba, domin a gida ma na yi wa kakata, kuma a cikinsu akwai waɗanda na shaƙu da su har na yi kukan rasuwarsu. Amma a nan ne wata tsohuwa ta janye hannunta ta ce ba ta son baƙar fata ta taɓa ta. An ce min in yi haƙuri, mantuwa ce ke damunta. Na yi haƙuri. Sai dai daren nan ban yi barci ba. Duk tsawon rayuwata ni Bahaushiya ce, Bakanuwa, Musulma, 'yar gidan wane. Ban taɓa tashi da safe na tuna launin fatata ba. A nan kuwa shi ake fara gani, sai hijabina, sannan ni.

A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira. Fam ɗin da a farkon shekara bai kai naira 600 ba a farashin hukuma ya doshi 1,000 cikin 'yan makonni, kafin Fabrairun 2024 kuma ya kusa 2,000. Kuɗin da Baba ya ajiye don ragowar makaranta suka koma ba su kai rabin abin da ake bina ba. Makaranta ta fara aiko da wasiƙu, daga baya ta rufe min shafin da nake shiga in ɗauki darasi. Kowa ya san abin da ke biyo baya: in aka cire sunanka, za a sanar da hukumar shige da fice, biza ta mutu. Da hutun bazara ya zo, lokacin da doka ta yarda a yi cikakken aiki, na koma aikin dare. Ina fita takwas na dare in dawo takwas na safe, in ɗan rintsa, in buɗe littafi. Na rame har wata abokiyar aikina 'yar Zimbabuwe ta fara kawo min abinci daga gidanta.

Ban gaya wa gida ba, amma Baba ai ma'aikaci ne, ya iya lissafi. Wata Juma'a ya kira ni, bayan mun gaisa ya yi shiru, sannan ya ce, "Uwata, in abin ya gagara ki dawo. Fili ƙasa ce, ba ta fi ki ba. Ba wanda zai ce miki komai a gidan nan." Da ya yi min faɗa da na fi samun sauƙi. Na ce masa lafiya lau nake, na ajiye wayar na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Na roƙi makaranta ta ƙara raba min biyan, ta amince, na ci bashi a wajen mutum biyu, na shiga adashe da 'yan uwana ɗalibai. A farkon 2024 na biya na ƙarshe, na gama da sakamako mai kyau.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Bizar shekara 2 ɗin kanta sai da na biya kusan fam 2,900, domin a Fabrairun shekarar aka ƙara kuɗin lafiya zuwa fam 1,035 a shekara. Sannan na fara neman aiki, a nan kuma na riƙa cin karo da abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Manyan kamfanoni da hukumomin da ke ɗaukar sababbin masu digiri suna buɗe ƙofa ne tun daga Satumba zuwa ƙarshen shekara, don aikin da za a fara a shekara mai zuwa. Lokacin da suka buɗe ina can ina fama da kundin bincike da bashin makaranta, ban ma san ana yi ba. Na juya wajen ɗakunan gwajin asibitocin NHS, wato asibitocin gwamnatin ƙasar, na tarar da abin da na baro a gida yana jirana: wanda zai yi aikin a matsayin masanin gwaje-gwaje dole ya yi rajista da HCPC, hukumar da ke rajistar ma'aikatan lafiya, kuma kafin nan sai IBMS, cibiyar masana gwaje-gwajen asibiti, ta duba digirinsa na farko, ta faɗa masa darussan da zai cike, ya kuma yi horo a ɗakin gwajin da aka amince da shi. Mastas ɗina bai rage min ko taki ɗaya a wannan hanyar ba. Ana cikin haka, a Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake ba da bizar ƙwararru a kansa daga fam 26,200 zuwa 38,700. Akwai rangwame ga sababbin masu digiri, amma ko shi ya haura 30,000, ƙananan ayyukan da nake iya samu kuma ba su kai nan ba. A kowace takardar neman aiki akwai tambayar ko za ka buƙaci a ɗauki nauyin bizarka nan gaba. Ina cewa e, domin ita ce gaskiya.

Amsoshin da ke zuwa duk iri ɗaya ne, wasu ma ba sa zuwa. Abin da ya fi ci min rai shi ne rashin sanin dalili. Bizar ce? Rashin gogewa a ƙasar ne? Sunana ne? Wata ta ba ni shawarar in gajarta sunana ya yi kama da nasu. Ban iya ba, sunan kakata ne. Daga baya na ji labarin wani bincike da masana a Kwalejin Nuffield ta Jami'ar Oxford suka fitar a 2019. Sun aika takardun neman aiki iri ɗaya sak, sunan mai nema da asalinsa kawai suka riƙa canzawa. Suka gano cewa wanda asalinsa Najeriya ne sai ya aika takardu da suka fi na Baturen ƙasar yawa da kashi 80 cikin 100 kafin a kira shi kamar yadda aka kira wancan. Jin haka bai faranta min ba, amma ya sauke min wani nauyi, domin na daɗe ina zargin kaina da cewa ni ce ban iya komai ba.

Wannan shekarar ita ce mafi duhu a rayuwata. Na daina kiran gida da bidiyo don kada Umma ta ga fuskata. Na daina zuwa taron 'yan Arewa da ake yi bayan Sallah saboda tambayar "an samu aiki kuwa?" Ina tashi in yi sallar asuba in koma in kwanta ina kallon rufi. Da abin ya yi yawa na je wajen likita, ta ce ciwon damuwa ne, ta haɗa ni da mai ba da shawara. Na faɗi wannan ne domin mu ba ma son faɗa, alhali na san ɗalibai da yawa da ke cikin irinsa a ɗakunansu. Addu'a ta riƙe ni, zuwa asibitin ma ya taimake ni, ɗaya bai hana ɗaya ba.

A cikin wannan halin shugabar gidan tsofaffin ta kira ni ta ce za su ɗauki nauyin bizata. Shekara 5 a kan aikin, daga nan in nemi takardar zama ta dindindin. Da yawa cikin 'yan ajinmu wannan hanyar suka bi, akwai injiniyoyi da akantoci a cikinsu, kuma ba zan taɓa ganin laifinsu ba. Mai iyali da bashi a wuya ba ya zaɓen abin da ransa ke so. Na ce ta ba ni lokaci in yi shawara.

Watan Oktoba shi ne watan tunawa da tarihin baƙar fata a Birtaniya. Wata ƙawata da aka haifa a Landan, iyayenta 'yan Ghana, ta matsa min sai na raka ta wani taro da aka shirya wa baƙaƙen ɗalibai masu sha'awar bincike. Wadda ta yi jawabi malamar jami'a ce, kakanninta daga Jamaika suka zo bayan yaƙin duniya na biyu. Ta kawo rahoton da ƙungiyar Leading Routes ta fitar a 2019: a cikin guraben digiri na uku 19,868 da hukumar bincike ta ƙasar, UKRI, ta ɗauki nauyi a shekara 3, guda 245 kacal suka je ga baƙaƙen ɗalibai. Ta ce a shekarar da aka fitar da rahoton, mata baƙar fata masu muƙamin farfesa a duk faɗin ƙasar su 25 ne. Ta bayyana yadda abin ke faruwa: masu zaɓe sun fi karkata ga wanda ya fito daga manyan jami'o'in bincike da sakamako mafi girma, baƙaƙen ɗalibai kuma sun fi yawa a sababbin jami'o'i, sannan akwai tazara da ta daɗe tsakaninsu da Turawa wajen samun sakamako na sama. Ga kuma abin da ba a rubuta ko'ina ba, wato malami ya ja ɗalibin da yake ganin kansa a cikinsa gefe ya ce masa "ka nemi gurbi kaza".

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙawata, wadda aka haifa a ƙasar, Turancinta irin nasu, fasfonta nasu, ita ma ba ta san ana biyan mutum ya yi digiri na uku ba. Ni na ɗauka baƙunta ce ta hana ni sani. Ashe ita ma babu wanda ya taɓa jan ta gefe.

A wannan taron na ji cewa gurbin da aka ɗauki nauyinsa kamar aiki yake: ba ka biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba ka alawus duk wata ba tare da haraji ba. Na ji cewa tun 2021 UKRI ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje, har zuwa kashi 30 cikin 100 na guraben. Ana tallata su a shafuka irin su FindAPhD da jobs.ac.uk, yawancinsu suna rufewa tsakanin Disamba da Janairu, kuma mai hankali yakan rubuta wa malamin da zai duba aikin tun kafin ya cike komai. Wasu tallafin da aka ware wa baƙar fata na 'yan ƙasa ne kawai, ban isa in nema ba, amma waɗannan na isa.

Bayan an tashi na tsaya a layi na gaishe ta, murya na rawa. Ta ce in aiko mata da takardar bayanin karatuna da ayyukana. Ban zaci za ta amsa ba, sai ga shi ta kira ni ofishinta. Ta karanta har ƙasa, inda na rubuta layi ɗaya a kan aikin da na yi a ajin ƙarshe a Kano, lokacin da na ɗebo ruwan rijiyoyi daga unguwanni na gwada ƙwayoyin cutar da ke ciki da magunguna daban-daban. Ta ɗago ta ce, "Me ya sa kika ɓoye wannan a ƙasa? Shi ne abin da kike da shi wanda sauran ba su da shi." Sannan ta faɗa min gaskiyar da ba ta da daɗi, cewa hannuna ya daɗe bai taɓa kayan gwaji ba, kuma za a tambaye ni. Ta nuna min tallar aikin mataimakiyar ɗakin bincike na wata 6 a wani sashe, ta ce in nema kamar kowa, ita abin da za ta iya shi ne ta karanta takardata ta gyara. Ta gyara ta har ta koma ja da biro. Na samu aikin.

Da na nemi guraben digiri na uku, wurare da dama sun ƙi ni a wannan zagayen ma. Ɗaya ya kira ni intabiyu, a kan ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani. Da suka tambaye ni dalilin da ya sa nake son aikin, ban yi dogon Turanci ba. Na ba su labarin yadda a unguwarmu ake shiga kemis a sayi kafso biyu ko uku na maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, a sha, da an ji sauƙi a daina, domin kuɗin cikakken magani babu. Na kawo binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022, wanda ya ƙiyasta cewa wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma. Na ce musu waɗannan mutanena ne. Bayan makonni aka aiko min da cewa an ba ni.

Sai kuma zaɓi ya tsaya a gabana, kuma bai zo da sauƙi ba. Alawus ɗin fam 20,780 ne a shekara, bai kai abin da zan iya haɗawa a gidan tsofaffi ba in ina ƙarin awanni. Zan koma bizar ɗalibi, in biya kuɗin lafiya na duk shekarun a dunƙule, fam 776 kowace shekara, kuma shekarun ɗalibta ba sa shiga lissafin shekara 5 na zaman dindindin. Ga ƙannena biyu a jami'a da nake taimaka wa. Kawuna ya kira ya ce, "Ke 'yar nan, karatun ya isa haka. Ki riƙe abin da ke hannunki, ki mayar wa mahaifinki filinsa." Bai faɗi ƙarya ba. Umma kuma tambayarta ɗaya ce, "To auren fa?" Na yi istihara, na yi kwanaki ina juya abin. A ƙarshe na kira Baba na zayyana masa komai da lissafinsa, har da cewa filin zai ƙara jira. Ya saurara har na gama, ya ce, "Wanne ne in kin tashi da safe za ki tafi da zuciya ɗaya?" Na faɗa masa. Ya ce, "To Allah Ya yi albarka."

Na fara a Oktoban 2025. A sashenmu ni kaɗai ce baƙar fata a cikin masu digiri na uku, kuma har yanzu akwai ranakun da nake shiga taro in ji kamar an yi kuskure ne aka ɗauke ni. Kuɗin da nake aikawa gida ya ragu. Bashin da na ci na biya, filin Baba kuwa ban mayar ba tukuna, kuma babu ranar da ba na tuna shi. Ko zan dawo gida bayan na gama, ko zan ƙara 'yan shekaru, wannan na bar wa Allah, amma samfuran da nake son aiki a kansu a asibitocinmu suke.

Hanyar da na bi ma ta ƙara ƙuncewa a bayana. Tun Janairun 2024 mai mastas na darussan aji, wanda ba na bincike ba, ba ya zuwa da iyalinsa. A Yulin 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, bizar bayan karatu kuma za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Duk da haka ejan suna nan suna talla kamar ba abin da ya canza.

Ƙanina mai bi min ya karanta akanta, ya gama bautar ƙasa, wani ejan ya fara kiransa. Ya kira ni ya ce, "Yaya, ni ma fa tafiya zan yi." Ban hana shi ba. Na ce kafin a taɓa ko sisin gidanmu, ya nemo mutanen da ke yin ainihin aikin da yake so, a gida da waje, ya tambaye su wace takarda aka nema a wajensu ranar da aka ɗauke su. Na ce in kuma karatun yake so, akwai tallafin Commonwealth, akwai Chevening ga wanda ya yi aikin shekara 2, ya fara gwada su. Ya ji haushina, ya yi kusan wata ba ya ɗaga wayata. Daga baya ya kira da kansa ya ce duk waɗanda ya tambaya, takardar ƙwarewar akanta ta ICAN ko ACCA aka fara tambayarsu, babu wanda aka nemi mastas a wajensa. Yanzu yana aiki a wani ƙaramin ofishin binciken kuɗi a Kano, ya yi rajistar ACCA, zai zauna jarrabawarsa ta farko a watan Yuni. Daga alawus ɗina na biya masa kuɗin rajistar.